Yaya da Tantabarun Dalma

Yayana mai gyaran batir ne, kuma tun ina yarinya ban san shi da lafiyayyar riga ba. Ruwan batir cin tufafi yake kamar gara, don haka kowace rigarsa ta aiki cike take da ƙananan ramuka, a ƙirji, a hannu, har a wuya. Mahaifiyarmu kan ce wanke rigarsa ɓarnar sabulu ne, ɗinke ta kuma ɓarnar zare. Shagonsa yana bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai walda. Rumfar kwano ce da benci ɗaya, sai injin caji da ke gurnani tun safe, da matattun batura jibge a kusurwa har sun fi ni tsayi. Duk unguwa Mai Batir ake ce masa. Mutum ne da magana ke masa wuya. In ka yi masa dogon bayani sai ya ce "uhm", in kuma ka ba shi dariya sai ya ce "uhm" ɗin da ɗan tsawo.

Idan kan batir ya cinye, wato wurin da ake ɗaura waya, Yaya ba ya cewa a je a sayi sabo. Sai ya fasa wani mataccen batir, ya zaro dalmar da ke ciki, ya narka ta a ludayin ƙarfe a kan risho, ya tsiyaya a ɗan bututun da ya kifa a wurin, sabon kai ya fito. Kullum sai an sami saura a ludayi, kuma a sana'arsu ba a barin sauran ya daskare a ciki, don kankare shi aiki ne. Maigidan da ya koya masa a ƙasa yake zubarwa. Yaya kuwa ba ya son asara, hannunsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ya ajiye farantin yashi mai danshi a ƙarƙashin benci, ya riƙa dangwala siffa da babban yatsa da bakin ƙusa, ya zuba sauran dalmar a ciki. In ta huce ya goge ta da magagari har ta yi sumul. Yana yin kifi, yana yin mota, yana yin agwagwa, amma tantabara ya fi iyawa. Ƙanana ne, yaro zai iya dunƙule ɗaya a hannu, ga nauyi mai daɗin riƙewa.

Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. A aljihu yake zubo su, da yamma in ya shigo layinmu a kan keke yara su yi caa a kansa, ya miƙa wa wanda bai samu ba jiya. Da wuya ka shiga gida a layin nan ba ka taka kifin Mai Batir a tsakar gida ba. Iyaye mata na sa masa albarka, don abin wasa ne da ba ya fashewa, ba ya tsatsa, ba kuma ya da kaifi.

Ya daɗe da aure kafin Allah ya ba shi haihuwa. Da yarinyar ta zo, sai ta haɗa maganar da ubanta ya tara bai yi ba ta riƙa zubarwa. Ni na sa mata Rediyo, sunan kuwa ya bi ta har uwarta ta koma Maman Rediyo. Gidana yana manne da nasu, ta katanga nake jin shirye-shiryenta tun safe: kazar maƙwabta ta yi rashin kunya, ƙanenta jinjiri ya yi kashi, Goggo ta yi ƙiba. Goggon ni ce, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ƙarar sarƙar kekensa ta sani. Da ta ji ta sai ta watsar da abin da take yi ta ruga ƙofa, ya ɗaga ta tun bai jingine keken ba. Sai ta cusa fuska a wuyan rigarsa, ta shaƙa, ta ce, "Baba yana warin batir," kamar yau ta fara ganowa. Wari ne mai tsami, da ƙauri a ciki, ni in na tsaya kusa da shi sai na kau da kai. Ita kuwa har tauna bakin kwalar take yi tana ba shi labari. Matarsa kan ce, "Don Allah ka cire rigar nan tukuna." Shi kuma ya ce, "Bari a gama labarai." In ya cire, a ƙusar da ke saman tabarmar yarinyar yake ratayewa, wata rana ma ta jawo ta ta yi matashi da ita. Tantabarar da ya fi ƙawatawa, mai zanen fukafukai, tata ce. In ba ta hannunta, to tana bakinta.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da farko ciki ne, tana kama shi tana kuka, bayan gida ya ƙi fita. Ta daina cin abinci, ta koma rigima, yarinyar da ba ta san fushi ba ta fara jifa da kwano. Muka ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani. Muka ce zazzaɓi ne, aka ba ta magani. Muka ce kishin ƙane take yi. Ni ce na fara lura cewa katanga ta yi shiru, na leƙa na ce, "Yau Rediyo ba batir ne?" Uwarta ta yi dariya, ni ma na yi. Kalmomin suka ci gaba da zubewa ɗaya bayan ɗaya, ta nuna ruwa da yatsa maimakon ta ce ruwa. Ran nan da rana tsaka tana zaune a tsakar gida sai ta kife, jikinta ya sandare, ta fara fizge-fizge, idanu suka juye.

A asibiti, bayan an samu fizgar ta tsaya, wata nas mai furfura ta zo tana yi mana tambayoyi. Me ta ci, me ta sha, ko ta faɗi. Sai idonta ya sauka kan rigar Yaya, wanda daga shago ya taho a guje, ta dubi ramukan, ta dubi baƙin da ke ƙarƙashin faratansa.

"Malam, wace sana'a kake yi?"

"Gyaran batir."

"Kana narka dalma?"

"Uhm."

Hannun Rediyo na dama a dunƙule yake tun daga gida. Nas ɗin ta buɗe yatsun a hankali, tantabara ta faɗo kan zanen gado. Ta ɗauka, ta auna nauyinta a tafin hannu, ta karce ta da farce.

"Wa ya ba ta wannan?"

"Ni na yi mata," in ji Yaya. Har a lokacin akwai ɗan jin daɗi a muryarsa, irin na mai sana'a da aka lura da aikinsa.

Aka ɗibi jini. Da sakamako ya fito, likita ya kira mu ya ce gubar dalma ce, kuma ta yi yawa ƙwarai. Nas ɗin ce ta zauna da mu a benci ta warware mana. Ta ce dalma ba sai an haɗiye ta ba. Tsotso ya isa, ƙurarta da ke maƙale a riga da gashi da takalmi ta isa, don yaro komai hannunsa ya taɓa baki yake kaiwa. Ta ce babba yana iya ɗauke da ita yana yawonsa, amma jikin yaro zuƙe ta yake yi, kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Akwai maganin da ke janye ta daga jini, za a ba ta. Abin da ta riga ta taɓa a kai kuwa, nas ɗin ta ce ba za ta yi mana alkawarin da ba ta da iko a kai ba. Sannan ta ɗaga tantabarar ta ce, "Akwai wasu irin wannan a hannun yara?"

Ni ce na ce, "Duk layinmu."

Ban yi kuka ba a ranar, shi ma bai yi ba. Na tuna ina kallon fankar da ke saman kanmu, ina tunanin fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, ya kamata a gyara. Haka muka zama na tsawon lokaci, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Rediyo ta rayu. Ta dawo gida tana jan ƙafar dama, idanunta a buɗe amma haske da duhu kawai take bambantawa. Daga cikin maganarta duka, kalma ɗaya ta rage mata, ita ce Baba. An auna jinin ƙanenta, wanda ya fara rarrafe, aka sami dalma a jikinsa shi ma, amma ba ta kai tata ba. Aka ce in an raba shi da ita yanzu, ana sa ran zai tashi lafiya, kuma za a riƙa sake aunawa. Kafin a sallamo ta mun juye gidan. Tabarma da katifa da tsofaffin tsummoki duk suka fita. Muka kankare ƙasar tsakar gida aka yi daɓen siminti. Muka goge bango da taga da jiƙaƙƙen tsumma, don an hana mu shara a bushe, wai tayar da ƙurar take yi. Yaya ya zare ƙusar da yake rataye riga, ya toshe ramin.

Washegarin dawowarta ya ɗauki bokitin fenti mai murfi ya tsaya a ƙofata.

"Zo ki raka ni. Ke kin iya magana."

Gida gida muka bi muna karɓar abin da ya bayar da hannunsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ko kunyar daga nesa nake jin ta. Na zaci ni zan yi bayani, amma da aka buɗe ƙofar farko sai ya riga ni. Ya ce, "Kifin nan da na ba yaronku guba ne. Ban sani ba. Ku ba ni, ku kai shi a auna jininsa. 'Yata ta makance." Haka ya faɗa a kowace ƙofa, bai ƙara ba bai rage ba, da muryar da yake gaya wa direba cewa batirinsa ya mutu. Ya san abin da ya ba kowane yaro. In aka kawo mota sai ya ce akwai agwagwa ma, a duba ƙarƙashin gado.

Yara suka yi ta kuka, wani ya cije ni a hannu. Mai shayin bakin layi ya ce, "Haba Mai Batir, mu da muka tashi muna tauna murfin batir, ga mu nan garau." Na ce masa garau ɗin ne ya sa kullum sai ka manta wanda ya ce a sa masa sukari. Matar tela ta kai 'ya'yanta asibiti, aka sami dalma a jinin ƙaramin, aka ɗora shi a kan magani. Tun daga ranar ba ta sake amsa gaisuwar kowa a gidanmu ba, kuma ban ga laifinta ba. Wata tsohuwa ta ce ba za ta bayar ba, jikanta da ya rasu ne ya bar mata, sai Yaya ya roƙe ta ta sa a kwalba ta rufe ta ɗora inda hannu ba ya kaiwa. Da muka gama, bokitin ya yi nauyin da sai a kan keke aka turo shi.

Sana'ar bai bari ba, don ba shi da wata, amma ya daina fasa batura, matattun yana haɗa su da motar masu sayen tsofaffin batura. Farantin yashi ya tafi. A bayan shago ya kafa labulen buhu, ya ajiye durom na ruwa da sabulu da soso, da ƙusa biyu, ɗaya ta kayan aiki, ɗaya ta kayan gida, nesa da juna. In ya tashi sai ya yi wanka tun daga gashi har farce, ya canza har takalmi. Kayan aikin a can yake wanke su da kansa. 'Yan tasha suka sa masa Ango, suna tambayarsa wace ce amaryar da ake yi wa wannan ƙamshi. Mai walda ya ce masa ya rage baki, kada hukuma ta ji ta tashe su duka. Yaya ya ce "uhm", washegari kuma ya tare wani mai batir ɗin da ke zuwa da ɗansa shago, ya faɗa masa maganar nan tasa. Daga baya mai faci ya fara aron sabulun, wani bakanike ma ya bi. Durom ɗin ya koma ba ya kwana da ruwa.

Nas ɗin ta ce ya riƙa zuwa asibiti ranar da mata ke kawo yara awo. Yana zuwa da bokitinsa, ya tsaya gaban benci, ya buɗe murfin, ya ɗaga tantabara ɗaya da filaya. Ya ce, "Ni na yi wannan da hannuna." Ya ce duk wadda mijinta ke taɓa batir ko dalma ko kankare tsohon fenti, kada ya shigo gida da kayan aiki, kada a haɗa wankinsu da na yara, a wanke wa yaro hannu kafin ya ci abinci. Na taɓa bin sa sau ɗaya. Wata mata ta zare abin da ke bakin ɗanta ta duba, ashe cokalin roba ne. Shi kuwa ya rufe bokiti ya hau keke ya koma shago, kamar wanda ya kai saƙo.

A gida ne abin ya ƙi. Hannun Rediyo na dama ya riƙa buɗewa yana rufewa, yana neman abin da ya saba. Yaya ya sassaƙa mata tantabara ta katako, har da zanen fukafukan, ya sa mata a tafi. Ta dunƙule, ta ɗan ɗaga, ta ji ba nauyi, ta sake ta ta faɗi. Bai sake sassaƙa wata ba.

Ƙarar sarƙar keken kuwa ba ta manta ba. Da yamma in ta ji ta, sai ta ja ƙafa tana dafa bango har bakin ƙofa, tana cewa Baba, Baba. Ya jingine keke ya ɗaga ta. Ta cusa fuska a wuyansa ta shaƙa, ta sake shaƙa, sai ta sandare, ta sa hannu biyu ta ture ƙirjinsa tana neman sauka. In ya sauke ta sai ta zauna a dakalin ƙofa, fuskarta na duban hanya. Ya gwada yi mata magana, amma dama can ita ce mai maganar, shi ba ta san shi da wata murya ba in ban da "uhm". Ya canza sabulu, ya gwada wanka ba sabulu, duk ɗaya ne. Mutumin da ke shigowa da keken babanta baƙo ne, kuma tana zaune tana jiran mai keken har sai barci ya ɗauke ta an kwashe ta.

Mun kalli wannan har muka saba, in ana sabawa da irinsa. Ran nan Maman Rediyo tana goye da ƙaramin ta tsaya a kansa yana cin abinci.

"Tsohuwar rigar tana nan?"

"Tana shago."

"Ka sa ta sau ɗaya. Sau ɗaya tak, a waje, ba sai ka shigo ba. Ta ji ka, ta san ba tafiya ka yi ka bar ta ba. Ni zan yi mata wanka bayan nan."

Ina wurin, kuma ni ma abin da ke raina ke nan. Yaya ya ajiye cokali ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "In na sa yau, gobe fa?"

Washegari da yamma ina tsaye a ƙofata na hango shi a bakin layi. Ya sauka daga keke yana turawa, ga baƙar leda ɗaure a bayan sirdi. Na san abin da ke ciki. Rediyo ta riga ta ji sarƙa, tana kan dakali tana kira. Ƙanenta ya rarrafo ya dafa bayanta ya miƙe, ya kama gefen rigarta ya cusa a baki yana tsotsa, yana dariya. Yaya ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Wani mai tura kurar ruwa ya yi masa magana ya matsa, bai ji ba, sai da mutumin ya kewaye shi. Yana kallon yaran, hannunsa ɗaya a kan ledar. Can ya juya keken ya koma ta inda ya fito.

Da ya dawo ba leda, gashinsa a jiƙe, ya sake wanka saboda ya taɓa ledar. Bai ɗaga Rediyo ba. Ya jingine keken ya zauna a kan dakalin kusa da ita, ya bar ɗan fili a tsakaninsu, ya ɗora ƙaramin a cinya. Ta juyo ta shaƙi iska ta wajensa, ta mai da fuska hanya. An jima ta miƙo hannu ta lalubo gwiwarsa ta ɗan bubbuga, yadda yaro ke yi wa babba in yana da tambaya.

"Baba?"

Yaya ya dubi hanyar shi ma.

"Yana zuwa," ya ce. "Mu jira shi."